Bayan Tafiyar Inna

Duk wanda ya san kasuwar Talata Mafara tun yana yaro, in ya tsaya a bakin tasha ranar Talata ya ƙare wa jama'a kallo, zai lura da wani canji da bai shafi rumfuna ko farashin buhun shinkafa ba. Kekunan guragu suna nan, masu ƙafa uku da ake murzawa da hannu, sarƙa na ƙara, an ɗaura jarka ko ƙunshin kaya a baya. Amma masu murza su duk sun manyanta. Akwai mai furfura a gemu, akwai magidanci da ya ɗora ɗansa a cinya, ƙaraminsu ma ya tasam ma ashirin. Yaron nan ɗan shekara bakwai da ke jan gindi cikin ƙura, silifa a tafin hannu, ƙafa ɗaya ta tsotse kamar sillen kara, yana bin sa'o'insa zuwa makarantar allo, shi ne ya yi wuyar gani. Da kuwa da wuya a sami unguwar da ba ta da irinsa, daga Mafara zuwa Bakura, har Damaga can cikin ƙasar Maradun.

Tsofaffi ba su kira abin cuta ba, sha suka kira shi. Shan inna. Yaro ya kwana da zazzaɓi, gari ya waye a tsayar da shi ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sai kaka ta dafe ƙirji ta ce Inna ta biyo ta gidan. Innar nan ita ce ta 'yan bori, wadda ake cewa tana tsotse gaɓa ta bar fata da ƙashi. Ko a gidajen malamai da ba a yarda a ambaci bori ba, sunan ya zauna daram, domin babu wani. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: ƙaurin hayaƙin da ake turara wa yaro a ƙarƙashin zane, ɗanɗanon tawadar rubutu a ƙoƙo, man shanun da ake mulke ƙafar da shi safe da yamma, da wanzamin da zai zo da zabirarsa ya kafa ƙaho a cinya. Wasu gidajen kuma su ruga wurin mai kemis a yi wa yaron allura, kwana biyu ƙafar da aka soka ta saki. Nan maganar "allura ce ta shanye shi" ta samo tushe, kuma ba ƙarya ce zalla ba. Likitoci sun tabbatar cewa allurar tsoka a jikin yaron da ƙwayar foliyo ta riga ta shiga tana iya jawo shanyewar wannan gaɓar, allurar da aka soka a mugun wuri a ɗuwawu kuma tana iya illata babbar jijiyar ƙafa ko da babu foliyo. Tsofaffin sun ga abu da idonsu, wurin fassara ne aka rabu.

Ba cikin daɗin rai Inna ta tafi ba. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da ɗigon rigakafi, tare da Kano da Kaduna, bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. A 2006 yara sama da 1,100 suka shanye a Nijeriya. Sai da sarakuna suka shigo, Sarkin Musulmi a gaba, hakimai na ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, sannan ƙofofi suka fara buɗuwa ga matan nan masu akwatin ƙanƙara a kafaɗa, masu rubutu da alli a jikin katanga, masu shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa. A Barno aka ga yaro na ƙarshe da foliyon asali ya kama, a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka shelanta cewa Afirka ta rabu da shi. Da sauran rina a kaba, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla inda rigakafi bai game yara ba, kuma Zamfara na cikin wuraren da yake taɓawa, musamman ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana shiga. Amma ambaliyar ta janye.

Sanƙarau ma ya rage ƙarfi, ko da yake shi bai yi sallama ba. Dattawa sun san lokacinsa kamar yadda suka san lokacin shuka: hunturu na juya baya, zafin bazara na kankama, sai a fara jin wane wuyansa ya sanƙare, ba ya lafawa sai ruwan farko ya sauka. Na 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Rigakafin da aka fara a 2011 ya karya lagon nau'in da ya fi ɓarna, sai wani ya taso a 2017, Zamfara ce kuma ta fi ɗanɗana kuɗarsa.

Kalmar shanyewa babban kwando ce. Duk wanda gaɓarsa ta daina aiki a cikinta ake jefa shi: yaron foliyo, tsohon da hawan jini ya kayar a bayan gida, wanda tarin fuka ya ci masa ƙashin baya ya yi doro, mai jegon da ƙafa ta riƙe, wanda ya faɗo daga bishiya. Da aka kwashe na saman kwandon, na ƙasa suka fara leƙowa, cikinsu har da wani ciwo da littattafan likitanci suka daɗe suna cewa ba na baƙar fata ba ne.

A ɗauka wata matashiya ce a Damaga, shekararta 24, da goyo a baya. Wata safiya ta tashi idonta na dama yana ganin hazo kamar an shafa wa madubi mai, in ta juya ƙwayar idon sai ta ji zafi, jan zanenta ma ya dishe ya koma ruwan ƙasa. Aka sa tozali, aka yi tofi, bayan sati uku ido ya washe, kowa ya yi hamdala. Shekara ta zagayo, ƙafar hagu ta fara nauyi, tana tafiya takalmi na zamewa ba ta sani ba. In ta sunkuyar da kai za ta ɗauki tulu, sai ta ji wani abu kamar lantarki ya tsarga mata daga wuya zuwa gadon baya. Da rana tsaka, ko in ta daɗe a bakin murhu, abin ya tsananta, da sanyin asuba kuwa kamar ba ita ba. Wata biyu, ya sake lafawa.

Surukarta za ta kira ɗanta ta ce, "Wanga ba ciwon asibiti ba na. Ciwon da ka zuwa shi koma shi dawo, aikin iska na."

"To Inna, mi za a yi?"

"A kai ta ga Malam."

Kishiya kuwa, in akwai, cewa za ta yi a ranta ƙiwuya ce, tunda ciwon ya san ranar girki.

Surukar ba wauta ta yi ba. A iya saninta, shan inna ba ya tafiya ya dawo, shanyewar ɓarin jiki ma haka. Abin da ke zuwa ya taɓa ido yau, ya taɓa ƙafa baɗi, ya ɓace ba tare da magani ba, rukuni ɗaya ta san masa. Abin mamakin shi ne, wannan siffar da ta sa ta ce iska ce, ita ce dai likita zai riƙe ya fara zargin ciwon da suke taƙaita sunansa da MS.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka kamar wayar lantarki suke, kowacce da rigarta da ke sa saƙo ya wuce da sauri. A wannan ciwo garkuwar jiki ce ke ruɗewa ta far wa rigar, ta zaizaye ta a nan, ta bar can, inda ya warke ya bar tabo mai tauri. Daga waɗannan tabo-tabo Jean-Martin Charcot ya raɗa masa suna a birnin Faris a 1868. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke fama da shi a duniya, mata sun ninka maza, yawanci kuma yana farawa ne tsakanin shekara 20 da 40. Zafi na ƙara dagula jijiyar da rigarta ta yage, abin da wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya fara ganin alamarsa tun 1890 ga marasa lafiyar da ganinsu ke dishewa in sun motsa jiki. Har an yi zamanin da ake tsoma mara lafiya cikin ruwan zafi a ga ko alamun za su fito. A Bakura cikin watan Afrilu ba a bukatar wannan wahala, rana ce za ta yi aikin kyauta. Wani abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne rabonsa a doron ƙasa: gwargwadon nisan wuri daga tsakiyar duniya mai zafi, gwargwadon yawansa, har tsibiran Orkney na arewacin Sikotilan suka shiga sahun gaba a duniya.

Mutumin da maganarsa ta fi nauyi kan ko ciwon yana Nijeriya ba ɗan Arewa ba ne. Benjamin Oluwakayode Osuntokun ɗan Okemesi ne a ƙasar Ekiti, an haife shi a 1935, ya yi karatun likita a Ibadan ya gama a 1961, lokacin da asibitin koyarwa na garin bai wuce shekara huɗu da buɗewa ba. A tsakiyar shekarun 1960 ya tafi Ingila neman ƙwarewa, ya zauna a Newcastle ƙarƙashin Henry Miller da John Walton. Sa'a ce babba ga wannan labari, domin arewacin Ingila matattarar MS ce, Miller kuma yana cikin waɗanda suka bi yankin suna ƙirga masu ita. A 1963 Miller da abokan aikinsa biyu, Poskanzer da Schapira, sun fito da wani hasashe da zai sa Bazamfare ya gyara zama: wataƙila MS 'yar'uwar foliyo ce a ɗabi'a. Wato wata ƙwaya ce da in ta kama jariri ba ta yi masa komai, amma in tsabta da wadata suka jinkirta haɗuwar sai mutum ya girma, sai ta yi ɓarna. A can nesa ma, ashe, an taɓa ɗaure Inna da wannan ciwo da igiya ɗaya.

Osuntokun ya dawo Ibadan ya san ciwon kamar yunwar cikinsa. Kayan aikinsa kuwa za su shiga aljihun riga. Ƙaramar guduma mai bakin roba, tsinken allura, ɗan auduga, fitilar leƙa cikin ido, da wani ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa ya yi ta karkarwa a ɗora a idon sawu a tambayi mara lafiya ko yana ji. Za a ce ya rufe ido ya haɗe ƙafafu, a ga ko zai yi tangaɗi. Ya taɓa hancinsa ya taɓa yatsan likita, ya maimaita. A ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa: ƙafar shan inna lagwas take, a tsotse, guduma ba ta motsa ta, ƙafar MS kuwa a sandare take, ana taɓawa ta yi harbi. Sai a karci tafin ƙafa da bakin makulli daga dunduniya zuwa yatsu. In babban yatsa ya lanƙwasa ƙasa, lafiya. In ya ɗaga sama, matsalar ba a ƙafar take ba, tana can cikin laka ko ƙwaƙwalwa. Amma kafin duk wannan, sai an zauna an saurari labari, wani lokacin sa'a guda cur. Yaushe ya fara? Kafin wannan an taɓa yin wani? Idon da ya yi hazo bara waccan, wanne ne? Ƙa'idar mutanen wancan zamani ita ce ba a kiran ciwo MS sai an tabbatar ya taɓa wurare daban-daban a lokuta daban-daban.

Abin da ya cika masa ɗakin duba marasa lafiya wani ciwo ne daban. Talakawa ne daga yankin Ijebu da Epe, suna zuwa da mutuwar tafin ƙafa, tafiya kamar ta mashayi, gani ya dishe, ji ya ragu. Wanda ya fito daga Newcastle da gaggawa zai iya cewa ga MS nan. Osuntokun ya bi sawun abin har tukunya. Mutanen rogo suke ci safe, rana da dare, ba nama ba wake, rogon kuma ba a jiƙa shi ya tsumu yadda gubarsa za ta fita. Ya auna jininsu ya sami alamar gubar ta yi yawa, ya wallafa binciken a ƙarshen shekarun 1960, sunansa ya zaga duniya. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin akuya ta ci ɓawon rogo mai ɗaci ta faɗi zai gane zancen ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yana da shekara 35 ya zama farfesa, daga baya ya shugabanci asibitin koyarwa na Ibadan, ya rasu a 1995.

MS fa? A 1971 ya wallafa bayanin dubban masu ciwon jijiya da aka gani a Ibadan cikin fiye da shekara goma, ya nuna cewa ciwon ƙalilan ne ƙwarai a cikinsu. Maganarsa ta yi daidai da ta Geoffrey Dean, likita ɗan Birtaniya da ya koma Afirka ta Kudu a 1947 ya shafe shekaru yana farautar masu ciwon. Dean ya ga ya fi yawa ga Turawan da suka yi ƙaura daga Turai, ya ragu ga Turawan da aka haifa a can, ga baƙaƙe kuwa kamar babu. Shi da John Kurtzke suka ƙara gano a 1971 cewa wanda ya yi ƙaura kafin ya kai shekara 15 yakan ɗauki rabon sabuwar ƙasarsa, wanda ya wuce haka ya taho da na gida. Haka magana ta shiga littafi, ɗalibai suka haddace: MS ba ciwon Afirka ba ne.

Ba a ce Osuntokun ya yi kuskure ba. Har gobe ciwon ya fi ƙaranci a nan nesa ba kusa ba, kuma ido irin nasa ba ya barin abu ya wuce. Tambayar ita ce, wa ya iso gabansa? Matar Damaga ta 1968, in ƙafarta ta yi nauyi, sai an ɗora ta a jaki zuwa bakin hanya, a nemi mota zuwa Gusau, a hau jirgin ƙasa, a kwana a hanya kafin a ga Ibadan, duk a kan ciwon da kowa ya ga yana warkewa da kansa. Ba ta je ba. In ma ta je asibitin kusa, sau ɗaya za a gan ta, katin ya ɓace, wanda ya duba ta a canza masa wurin aiki. Ciwon da sharaɗin gane shi shi ne a haɗa abin da ya faru bara da na bana ba zai taɓa shiga lissafi a irin wannan wuri ba.

Shi kansa Osuntokun ya fi kowa sanin cewa littafin asibiti ba shi ne gari ba, shi ya sa a shekarun 1980 ya fita da tawagarsa suka bi gida-gida. A Igbo-Ora, inda aka daɗe da asibitin mata da yara, sun sami masu farfaɗiya kusan 5 cikin kowane mutum 1,000. A Aiyete, ƙauyen da ke kusa amma ba shi da wannan gata, 37 suka samu. Ƙabila ɗaya, abinci ɗaya.

Shekarun da suka biyo baya sun sassauta tsohuwar maganar. A 1981 aka fara ganin tabon MS a ƙwaƙwalwar mai rai da na'urar hoto ta MRI a Landan, a 2001 kuma aka shigar da hoton cikin ƙa'idar gane ciwon, ta yadda ba sai an jira shekaru ba. A 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano alamar jini da ta ware wani ciwo mai kama da shi, wanda ke far wa jijiyar ido da laka da tsanani, ya kuma fi kama baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. A 2013 wani bincike a kudancin Kalifoniya ya nuna sababbin kamuwa da MS sun fi yawa ga baƙaƙen mata fiye da fararen. Jini ɗaya da na Afirka ta Yamma, ƙasa daban.

Sai 2022, lokacin da tawagar Alberto Ascherio ta jami'ar Harvard ta bi jinin sojojin Amurka sama da miliyan 10 da aka adana cikin shekara 20. Cikin mutum 801 da suka kamu da MS aka bincika, ɗaya tak ne bai taɓa kamuwa da ƙwayar Epstein-Barr ba, kamuwa da ita kuma ta ninka haɗarin sau 32. Ƙwayar nan a 1964 aka gano ta, a cikin tsokar kumburin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya riƙa aikawa Landan daga Yuganda. Kusan kowa na ɗauke da ita. A ƙauyukanmu, inda uwa ke tauna abinci ta ba jariri kuma yara goma ke shan ruwa a moɗa ɗaya, tun ana rarrafe ake kamuwa, ba a ma sani ba. A ƙasashen wadata kuwa da yawa sai sun balaga. Hasashen Miller na 1963 ya dawo ke nan da sabuwar riga. In haka ne, akwai abin dubawa a gaba, domin yaran da ke tasowa a gidajen Gusau da Sakkwato masu famfo da kofin kowa daban ba irin tasowar kakanninsu suke yi ba.

Duk da haka, likitan da matar Damaga za ta zauna gabansa yau ba zai fara da MS ba, kuma yana da gaskiya. Sai ya kore tarin fukan ƙashin baya, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ƙarancin sinadarin abinci, da sikila. Sai ya tambaye ta ko tana wanki a kanal. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, wadda ta tashi dubban mutane daga gonakinsu har aka zubar da jinin manoma a 1980, ruwa ya kwanta a yankin rani da damina. Ya kawo shinkafa da tumatir, ya kuma kyautata wa dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Kowa ya san tsargiya da fitsarin jini, kaɗan ne suka san ƙwanta na iya maƙalewa a laka ya kwantar da saurayi cikin mako guda. Wannan kuwa maganinsa araha ne, in an gane da wuri.

Zamfara ta riga ta ga abin da rashin ƙirga ke yi. A farkon 2010 yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma, can ƙasar Anka da Bukkuyum, maƙwabtan Mafara. An ce zazzaɓi ne, an ce iska ce. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da suka fito sintirin sanƙarau ne suka lura ƙananan kaburbura sun yi yawa. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, wasu suka tashi da ƙwaƙwalwar da ba za ta koma daidai ba.

To me aka samu, me aka rasa? Suna ba ƙaramin abu ba ne. Matar da aka ce mata ga abin da ke damunta, ga hotonsa, ta tsira daga zargin ƙiwuya, ta tsira daga a ce wata ce ta yi mata sammu, zancen da ya raba zumunci a gidaje ba adadi. Akwai ruwan allura na kwana uku zuwa biyar da ke gaggauta lafawar ciwon in ya taso. Tun 1993 aka fara samun magungunan da ke rage yawan tasowarsa, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, ciki har da rituximab da ake ƙarawa kamar sau biyu a shekara. Osuntokun bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan a yawancin shekarun aikinsa. Sakkwato ma yanzu tana da likitocin jijiya da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sai an je Ibadan ba, ko da yake in ka ce wa mutumin ƙauye za a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, asibitin masu taɓin hankali na Kware zai fara faɗo masa a rai ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Amma sunan yana da nisa, yana da tsada. Ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta nuna masu aikin jijiya a Afirka kusan ɗaya ne ga mutum miliyan guda, a Turai kuwa kusan 90. 'Yan kaɗan ɗin ma Saudiyya da Ingila na ta zawarcinsu. Wanda ya rage, da layin mutum hamsin a ƙofarsa, ba shi da sa'a guda ta sauraron labari irin ta Osuntokun, sai ya rubuta a je a yi hoto. Hoton kuwa sai an kai tumaki kasuwa, in an je a tarar na'urar na aiki. Hanyar da jaki ke bi lafiya a 1968 yau mota na tsoronta. Mutanen yankin ba su manta 2021 ba, shekarar da aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya.

Tsohon tsarin ma kada a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Gaskiya ne bai bar mara lafiya shi kaɗai ba. Gurgu yana da sarkinsa, yana da sana'arsa ta ɗinki ko gyaran rediyo, ana ba shi mata, ana gayyatarsa suna. Amma wannan tsarin ne dai ke watsewa a bar mai farfaɗiya yana birgima kusa da wuta don tsoron yawunsa, alhali yawun ba ya ɗauke da komai. Shi ne ke mayar da mace gidan ubanta a kan tana da iska. Ya iya jinyar ciwon da ake gani da ido. Ciwon gajiya, da fitsarin da ba ya riƙuwa, da ƙafar da ke lafiya da safe ta mutu da azahar, bai tanadar masa komai ba sai zargi.

In matar nan ta yi sa'a, wani ƙanen mijinta da ke karatu a kwalejin kimiyya ta Abdu Gusau zai nace a kai ta Sakkwato. Za su iso tashar Mafara da sassafe, domin direba ba ya son la'asar ta same shi a hanya. Za a biya mata kujerar gaba ita kaɗai saboda ƙafar ba ta lanƙwasuwa da daɗi. Wani mai keken hannu, furfura a gemunsa, zai matsa gefe ya ba su hanya ya ce Allah shi ba da lafiya. Surukar, wadda ta ce ba za ta zo rakiya ba amma ta zo, za ta miƙa jakar leda ta taga. A ciki akwai katin asibiti, da kuɗin tunkiya a ƙulle a gefen ɗankwali, da gorar rubutu da Malam ya ce a sha kafin a shiga wurin likita.